Jaririn Dutse a Ƙofar Cocin Waliyyi Martin

A al'adarmu, mace mai cikin fari gidan iyayenta take komawa idan haihuwa ta matso, ta sauka a can, ta yi wankanta na kwana arba'in a hannun uwarta. 'Yata tana aikin jinya a Landan, kuma babu halin ta zo Wusasa da tsohon ciki, saboda haka da aka bugo mini waya a ƙarshen Nuwamban 2023 cewa ta sauka lafiya, an sami ɗa namiji, sai ya zama gidan ne zai tashi ya bi ta. Biza tana hannuna tun kafin lokacin. Na ɗaure kanwa da gero da daddawa da yajin jego da zannuwan goyo guda uku, na bar kilishin da maƙwabta suka kawo domin an gargaɗe ni cewa ba a shiga Ingila da nama, na bi motar Abuja cikin hazo, washegari na hau jirgi.

Bayan sa'o'i shida da 'yan kai a sama muka sauka a Heathrow, inda na tarar da surukina yana jirana da wata rigar sanyi mai nauyi a hannunsa. Kafin mu gama ɗaukar kaya mu shiga jirgin ƙasa na layin Elizabeth, wanda ya ratsa da mu birnin daga yamma zuwa Woolwich a kudu maso gabas, gari ya yi duhu, alhali ƙarfe huɗu na yamma bai daɗe da bugawa ba. Na san hunturun Zariya mai fasa leɓe da diddige, amma sanyin Landan jiƙaƙƙe ne, yana bi ta ƙarƙashin tufa ya zauna a ƙashi. Tun daga filin jirgin har tashar da muka sauka, duk bangon da na kalla talla ce a kansa: turare, agogo, wayar hannu, cakulan, kowanne an yi masa ado da jan ƙyalle da farin ƙanƙara, an rubuta cewa kwanakin Kirsimeti sun ƙarato, a hanzarta.

Makonni biyu na farko ban taka ƙofar gida ba, kuma ban yi kewar waje ba. Duniyata ta koma ɗaki ɗaya mai ɗumi, da tukunyar kunun kanwa, da wannan ɗan mutum da tafin ƙafarsa bai kai tsawon ɗan yatsana ba. Jariri ba ya iya kome da kansa. Ba ya iya ɗaga kansa, ba ya iya juyawa, ba ya iya faɗin inda yake masa ciwo, kuma idan aka bar shi dare ɗaya babu mai duba shi, rayuwarsa tana cikin haɗari. Na haifi biyar, amma shekaru sun sa na manta yadda wannan rauni yake a hannu. Mun ɗan yi ja-in-ja da 'yata a kan cibiya, domin ni na saba a gasa ta da tsumma mai ɗumi, ita kuwa ungozomar da take zuwa duba su har gida ta ce a bar ta a bushe, kada a shafa mata kome. Ta ce, "Mama, ku yi haƙuri ku bar ta, za ta faɗi da kanta." Na bar ta. A kwana na goma ta faɗi a cikin tsumman yaron, baƙa, ƙanƙanuwa kamar busasshiyar kanya, na naɗe ta a takarda na ajiye a jakata domin in kai ta gida.

A tsakiyar Disamba, ranar da surukina ya sami hutu, ya ce bai kamata in zo Landan in koma ban ga fitilun Kirsimeti ba. Muka sauka a tashar Bond Street muka fito Titin Oxford da magariba, kuma ba zan ɓoye ba, abin ya ƙayatar da ni. Dubban taurarin lantarki ne rataye a saman titin, sa'an nan da muka karya Titin Regent, inda aka fara kunna irin waɗannan fitilu tun 1954, sai ga manyan siffofi masu fukafukai kamar mala'iku sun miƙe daga wannan bene zuwa wancan. Duk wanda ya ga yadda duhu yake rufe ƙasar nan da ƙarfe huɗu zai fahimci abin da ya sa mutanenta suke ƙishin haske, kuma ba na ganin laifin kowa a kan haka. Sai dai jama'ar da take ƙarƙashin fitilun ba su da alamar masu biki. Sauri suke yi, kafaɗa na gugar kafaɗa, hannuwa cike da jakunkuna, fuskoki a ɗaure kamar na masu bin bashi. Surukina ya ce, "Mama, ku bi ta gefen bango, kada a ture ku."

Na shiga wani babban kanti domin in sayi katin gaisuwa da zan aika wa matan zumuntarmu. Katuna sun cika bango guda: barewa, dusar ƙanƙara, tsuntsu mai jan ƙirji, da tsohon nan mai jar riga da farin gemu, wanda asalinsa Nikolas ne, bishop na garin Mira a ƙasar Turkiyya ta yau, mutumin da aka san shi da ba matalauta kyauta a ɓoye. Sai da na durƙusa na duba layin ƙasa kafin na sami 'yan kaɗan masu hoton Maryamu da jaririnta. A kan hanya surukina ya gaya mini cewa a ƙidayar 2021, waɗanda suka ce su Kirista ne a Ingila da Wales kashi 46 ne cikin ɗari, karo na farko da adadin ya gaza rabi. Ban ji fushi ba, baƙin ciki na ji, irin wanda mace take ji idan ta je gidan suna ta tarar ana ta kiɗa da rabon abinci, amma babu wanda ya leƙa ɗaki ya ga jaririn. Kuma ban isa in ce ciwon na Turawa ne kaɗai ba, domin na san iyayen da suke cin bashi a gida saboda kayan Kirsimeti da buhun shinkafa, na san yaran da suke ƙin zuwa sujada ranar idi domin tela bai gama ɗinkinsu ba.

Daga nan muka gangara da ƙafa zuwa Dandalin Trafalgar, inda doguwar bishiyar da birnin Oslo yake aiko wa Landan kowace shekara tun 1947 take tsaye, godiya ce ta mutanen Norway saboda taimakon da aka yi musu a Yaƙin Duniya na Biyu. Yayyafi ya soma, ƙafafuna kuma sun gaji, sai muka haura matakalar cocin da yake kusurwar dandalin, wato St Martin-in-the-Fields, wanda aka gama gina shi a 1726, domin mu fake a ƙarƙashin ginshiƙansa. A nan, a gefe ɗaya na barandar, na ga wani ƙaton farin dutse mai kusurwa huɗu. Da na matsa kusa sai na ga jariri kwance a samansa, an sassaƙa shi daga jikin dutsen kansa, girmansa daidai da na jikana, tsirara, ba zane, ba rawanin haske a kansa, kuma igiyar cibiyarsa tana nan ba a yanke ba, ta nutse cikin dutsen. Wani masassaƙi mai suna Mike Chapman ne ya yi shi a 1999, sa'ad da ake shirin shiga shekara ta 2000. A kewayen dutsen an zana kalmomi daga farkon Bisharar Yahaya, waɗanda mu muke karantawa da Hausa cewa Kalman nan kuwa ya zama mutum, ya zauna a cikinmu.

Na fi shekara hamsin ina jin wannan aya. Na haddace ta a makarantar Lahadi, na koya wa yara ita, amma ban taɓa tunanin Ubangijina da cibiya ba sai wannan dare, da busasshiyar cibiyar jikana a cikin jakar da take rataye a kafaɗata. Idan Bahaushe yana so ya faɗi asalin mutum, sai ya ce ga inda aka binne cibiyarsa. To, abin da bangaskiyarmu take faɗa ke nan, komai nauyinsa a kunne: wanda ya yi sama da ƙasa ya yarda ya zama mai asali, mai gari, mai dangi, wanda aka ɗauki cikinsa wata tara, aka ciyar da shi ta wannan igiya daga jinin wata budurwa ta Nazarat. Annabi Ezekiyel ya ambaci abin da ake yi wa jariri a ƙasarsu, a yanke cibiya, a wanke shi da ruwa, a shafe shi da gishiri, a naɗe shi da zane. Luka, marubucin Bisharar da ta ba da labarin haihuwar Yesu, bai ambaci ungozoma ba, bai ambaci uwar Maryamu ba. Abin da ya ce shi ne ta haifi ɗanta na fari, ta rufe shi da zanen goyo, ta kwantar da shi a komin dabbobi, domin ba su sami ɗaki a masauki ba. Haihuwar fari ce, a garin da ba nata ba, kuma ni da na ƙetare teku domin kada 'yata ta yi jego ita kaɗai, na tsaya ina tunanin wa ya dafa wa Maryamu ruwan wanka.

Magabatan Ikkilisiya sun sha gwagwarmaya a kan wannan magana, domin a kowane zamani akwai masu ganin cewa jiki ƙasƙanci ne da bai dace da Allah ba. Atanasiyus na Iskandariya, ɗan nahiyarmu, an kore shi daga kujerarsa sau biyar saboda ya tsaya a kan abin da taron shugabannin Ikkilisiya ya amince da shi a garin Nikiya a shekara ta 325 game da allahntakar Almasihu, kuma a wani taron a garin Kalsidon a 451 aka sake tabbatar da cewa Almasihu cikakken Allah ne, cikakken mutum ne. A da ina ɗaukar waɗannan a matsayin darasin ɗaliban tauhidi. A gaban dutsen nan na ga abin da suke karewa. Duk tallar da na wuce a Titin Oxford saƙonta guda ne, cewa akwai abin da ya rage mini, in saya in cika. Shi kuwa wanda babu abin da ya rage masa, Manzo Bulus ya ce ya wofinta kansa, ya ɗauki surar bawa, ya zo da hannu biyu babu kome a ciki, har ranar da aka kai shi Haikali iyayensa suka miƙa tsuntsaye biyu, hadayar da Shari'ar Musa ta yarda wa wanda ba shi da halin ɗan rago. Da kalma ɗaya muke kiran wurin da na baro da abin da nake kallo, wancan cibiyar kasuwanci, wannan cibiyar jariri, tsakaninsu tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa.

Ba mu kaɗai muka fake a wajen ba. A lungunan gine-ginen da suke kewaye da dandalin akwai mutane kwance a kan kwali, sun shige cikin buhunan barci, wasu da kofi a gabansu. Surukina ya ce cocin nan ya daɗe da suna wajen kula da marasa gida, tun zamanin Yaƙin Duniya na Farko da limaminsa Dick Sheppard ya buɗe ɗakin ƙarƙashin ginin domin sojoji su sami wurin kwana, kuma har yau akwai wurin taimakonsu a maƙwabtaka. Sunan cocin ma ya dace da wannan aiki. Martin sojan Roma ne a ƙarni na huɗu, wanda ya gamu da wani mabaraci yana rawar ɗari a ƙofar garin Amiens, ya zare takobi ya raba alkyabbarsa biyu ya ba shi rabi, da dare kuma ya yi mafarkin Almasihu sanye da wannan rabin. Tunda Allah ya ɗauki jiki, babu jikin da zan wuce a kan kwali in ce bai shafe ni ba. Na kwance gyalen ulu da 'yata ta ba ni, na miƙa wa wata mata da take zaune kusa da matakala, wadda ba za ta girmi 'yata ba. Ta karɓa ta naɗa a wuyanta ta yi mini godiya, ni kuma na san cewa gyale ɗaya bai raba ta da titi ba.

Ranar Kirsimeti kanta Landan ta yi tsit. Babu jirgin ƙarƙashin ƙasa, babu bas, kuma wata doka ta 2004 ta hana manyan kantuna buɗewa a wannan rana, saboda haka duk hayaniyar makonni huɗu ta ɗauke lokaci guda kamar ruwan sama. Surukina ya fita tun da asuba, domin yana aiki a gidan kula da tsofaffi, kuma tsofaffin nan dole a yi musu wanka, a canja musu tufa, a ba su abinci a baki, ko da wace rana ce. Ni kuma na taka da ƙafa zuwa wani ƙaramin cocin Angilika na unguwar, inda muka taru ba mu cika rabin kujeru ba, Turawa tsofaffi da 'yan Najeriya da 'yan Gana da wasu daga Indiya. Da aka zo cin Jibin Ubangiji, limamin ya ɗaga gurasa ya faɗi kalmomin da na sani ko da wane harshe aka faɗe su, wannan jikina ne, na buɗe tafin hannuna na karɓa.

Da na dawo gida na tarar yaron ya ɓata jikinsa yana ta tsala kuka, uwarsa kuma barci ya ci ƙarfinta a kan kujera. Ban tashe ta ba. Na tara ruwa a baho, na gwada ɗuminsa da gwiwar hannu, na tallabe ƙeyarsa da hannun hagu, na soma wanke shi daga kai zuwa ƙafa, na bi ta kan cibiyar da ta warke sarai. Kukan ya lafa. Na tsane shi, na shafa masa mai, na naɗe shi a ɗaya daga cikin zannuwan da na zo da su daga Wusasa, na zauna da shi a bakin taga har duhun ƙarfe huɗu ya sauko.