Asabar: daga kwalta zuwa tsibirin farko

Ina rubutun nan ne a cikin ɗan ɗakin jirgin ruwanmu mai filafilai da hasken tocila, Yaya ya riga ya yi barci, ɗana Abba kuma yana waje wai shi sai ya gama ƙirga taurari. Hannuwana har yanzu warin giris suke duk da na wanke sau uku. Mun iso dai Alhamdulillah, amma gaskiya yau ta zo da abubuwa da yawa, gara in rubuta tun ban manta ba.

Ƙarfe 5:30 muka tashi. Tun jiya da daddare na sauke jigon jirgin, wato dogon sandan da ake ɗaga filafilai a kansa, na kwantar da shi a sama na ɗaure gaba da baya, na sa tsumma duk inda ƙarfe zai goga jikin jirgi, na ɗaura jan ƙyalle a ƙarshen da ya leƙo baya. Da safe sai na sake bin komai, bakin tirelar da ke ɗauke da jirgin ya zauna kan ƙwallon ƙarfen da ke bayan mota ya kulle, sarƙoƙi biyu na gicciya su ta ƙasa yadda ko Allah ya kiyaye ta ɓalle bakin zai faɗa kan sarƙa ba kan titi ba, Abba ya tsaya a baya ina taka birki ina kunna sigina yana cewa "ta kawo Baba, ta hagu ma ta kawo." Iskar taya na gwada da geji tun suna da sanyi, har safaya. Ni a tunanina babu abin da ya rage.

Ashe akwai. Muna hawa babbar hanya na kai wajen 85 sai naji bayan motar yana wani irin lilo, na duba madubi naga jirgin yana kaɗa wutsiya dama da hagu, wata babbar mota ta zo ta wuce mu iskarta ta ƙara tura shi, wallahi cikina ya ɗuri ruwa. Yaya yace kar ka taka birki, kar ka taka, saki totur kawai ka riƙe sitiyari miƙe. Haka nayi, a hankali a hankali lilon ya lafa muka samu fili muka tsaya. Sai da na fita ne na gane abin da ya faru. Jiya da muna loda kaya na ce a zuba jarkokin ruwa guda huɗu da batir da jakar anka (ƙarfen da ake jefawa ruwa ya tsayar da jirgi) a can bayan jirgi saboda nan ne da sarari, ga kuma injin da na bari a maƙale a baya. Duk nauyin ya koma bayan tayoyin tirela, bakinta ya zama sakayau, da hannu ɗaya nake ɗaga shi. Abin da ya kamata kuwa shi ne wajen kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jirgi da tirela ya sauka a kan ƙwallon mota, mu namu duka wajen kilo 1,300 ne, kenan wajen kilo 90 zuwa 130. Na san wannan tun tuni, amma jiya gajiya da ɗoki suka sa ban auna ba, kuma abin ya dame ni sosai don da yarona a motar.

Minti arba'in muka kwashe muna maida kaya gaba. Injin muka cire muka sa a but, jarkoki suka koma saitin taya da ɗan gaba kaɗan. Daga nan tafiya ta miƙe lafiya lau, ban ƙara wuce 80 ba ko da hanya ta yi kyau.

Duk bayan awa ɗaya da wani abu nakan tsaya in zagaya in taɓa tsakiyar kowace taya da bayan hannu in ja igiyoyin ɗauri in ji. A tsayawa ta uku ta dama ta fi ta hagu zafi nesa ba kusa ba, ba irin zafin da ba a iya taɓawa ba amma dai bambancin a fili yake. Boris ɗin tirelar jirgi yana shan wahalar da na sauran tireloli basa sha, don shi ake tsoma shi a ruwa, ruwan gishiri kuma in ya shiga ya gauraya da giris sai tsatsa ta fara ci a ɓoye. Muka ɗaga da jak na juya tayar naji ɗan gurnani kaɗan, na girgiza ta akwai ɗan wasa. Yaya yace mu ƙara giris mu lallaɓa tunda saura kilomita 90, ni kuma raina bai kwanta ba, ina da sabon boris a akwatin kaya wanda na saya tun bara ban taɓa buɗewa ba. Nace Yaya kayi haƙuri mu canja kawai. Bai yi musu ba, ya naɗe hannun riga ya karɓi sifana. Da muka zare tsohon sai ga giris ɗin ya koma kalar madara, alamar ruwa ya shiga kenan, ga tabon tsatsa a jikin ƙarfen. Awa ɗaya da kwata ta tafi a nan bakin hanya cikin rana, Abba ne mai miƙo tsumma da riƙe noti kar ya ɓace a ciyawa, kuma ya riƙe amanarsa.

To wannan jinkirin shi ya taɓa mana lissafin ruwa. Teku a nan sau biyu yake cika a rana, tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25 ne kusan, shi ya sa kullum lokacin yake matsawa gaba da wajen minti 50. Jadawalin yau ya nuna zai cika 2:10 na rana, niyyata mu iso 12 mu shirya a tsanake mu sauke jirgi ruwa na kan cikarsa. Sai ƙarfe 3 saura muka iso gangaren da ake sauke jirage, ruwa har ya fara ja da baya.

Duk da haka ban yarda mun yi gaggawa wajen tada jigo ba. Abu na farko na ɗaga kai sama na duba ko akwai wayar lantarki tsakanin inda muka faka da bakin ruwa, jigon namu na alminiyom ne kuma ya kai mita 8, in ya taɓa waya ba a cewa komai. Babu waya, sai reshen wata bishiya da muka kauce masa. Ni na tsaya a tsakiyar jirgi na ɗaga a kafaɗa ina takawa gaba, Yaya yana jan igiya daga gaba, Abba aikinsa ya kalli wayoyin gefe masu riƙe jigon kar ɗaya ta maƙale. Kuma ta maƙale ɗin, a ƙarƙashin wani ƙugiya, yaron ya ƙwala "Baba tsaya!" muka sauke muka warware muka sake. Karo na biyu ya miƙe tsaf na sa fil ɗin gaba. Sai toshiyar ramin baya inda ruwa ke fita, na sa ta na kuma ce Yaya ya duba da idonsa. Na zare wayar fitilun tirela daga mota, na kwance igiyoyin ɗauri na bar ta gaba kaɗai. Shirin nan ya ba boris lokaci ya huce ma, don in aka tsoma shi da zafi cikin ruwan sanyi zuƙo ruwan yake ciki, inaga haka tsohon ya lalace.

Ribas da tirela a gangare kuma aikin haƙuri ne. Hannu a ƙasan sitiyari, inda kake so bayan tirela ya tafi nan zaka kai hannun, kaɗan kaɗan. Ƙasan gangaren da ruwa ya janye ya bar gansakuka mai santsi kamar an shafa sabulu. Wani dattijo da ke wanke nasa jirgin ya matso yace in tsaya kar tayar motar ta baya ta taka koren wurin, kuma wai simintin yana ƙarewa ba nisa, in tayar tirela ta faɗa bakin sai an nemo mai ja. Ya nuna min daidai inda ƙarshen yake da sanda. Na ja hambirki, Yaya ya sa katako bayan taya, muka tura jirgin da hannu ya sulale ya hau ruwa. Allah ya saka wa bawan Allahn nan da alheri, ko sunansa ban tambaya ba.

Lokacin da naga jirgin yana yawo a kan ruwa Abba riƙe da igiyarsa, wani abu ya sauka daga ƙirjina. Awa tara ina kallonsa a madubi kamar kayan fashewa, kowane rami a hanya sai naji shi a haƙorina, ga shi yanzu ya dawo inda aka ƙera shi domin ya zauna, ko ƙara babu. Na kai mota da tirela wurin ajiya, na samu famfo na wanke tayoyi da birkin tirelar da ruwan daɗi tukuna don ba zan bar gishiri ya kwana shida a jikinsu ba.

4:35 muka bar gaɓa. Kowa da rigar ceto, rediyo a tasha 16 ta kiran gaggawa. Da inji muka fita daga mashigar, da ruwa yayi zurfi na sauke allon ƙarƙashin jirgi mai hana iska tura shi gefe, muka fuskanci iska muka ɗaga filafilai, na kashe inji. Shirun nan da ke biyo baya shi nake jira tun watan da muka fara maganar tafiyar nan, babu abin da kake ji sai ruwa yana tsagewa a gaba da igiya tana ɗan kuka. Iskar daga gefe take zuwa mai daɗi, ba ƙarfi ba rauni. Jirgi mai tsawon mita 6 irin namu duk ƙoƙarinsa baya wuce kilomita 10 a awa sosai, tsibirin farko kuma mil 7 ne na teku, wajen kilomita 13 kenan tunda mil ɗin teku mita 1,852 ne. Na ba Abba sandar tuƙi nace ya saita gaban jirgi da wani tsauni a tsibirin kar ya kalli hannunsa. Da farko yana ta zigzag, ya tura dama jirgi yayi hagu ya rikice, bayan kwata ɗaya ya kama abin, har yana cewa Baffa kar ka tsaya min a gaba kana tare min tsauni. Yaya yayi ta murmushi, shi ya koya min tuƙin nan shekarun baya da irin wannan maganar ta tsauni.

Da farko niyyarmu tsibiri na biyu zamu kwana, amma da naga rana ta yi ƙasa nace a'a, bana shiga wurin da ban sani ba cikin duhu. Muka zagaya bayan na farkon inda tudu ya tare iska, ƙasan yashi ne ana hango shi. Zurfi mita 2 da rabi lokacin, zai ɗan ƙara raguwa zuwa wajen 8:20 sannan ya dawo ya cika wajen 2:35 na dare da ƙarin kusan mita 2, don haka da zurfin dare nayi lissafi ba na yanzu ba, na haɗa da tsayin gaban jirgi daga ruwa na ninka biyar, na saki igiyar anka mita 27. Na sa inji a ribas a hankali har naji ta kama, na ɗauki alama da wani dutse da bishiya a gaɓa, minti goma basu motsa daga saitinsu ba. Na kunna farar fitilar saman jigo.

Na kira Maman Abba na gaya mata mun sauka lafiya, na gaya mata maganar lilon ma don bana so taji a bakin yaro. Tayi shiru sannan tace a dawowa in auna kafin mu tashi. Nace insha Allah, kuma na rubuta a murfin littafin nan, tare da boris ɗin hagu da nake so in buɗe kafin mu hau hanya ranar Juma'a tunda tare suka sha ruwan.

Na saita agogo 2:30 in tashi in duba anka lokacin da ruwa zai juya. Abba ya shigo yanzu yana rawar sanyi, wai ya kai ɗari uku ya ɓace.