Daga Dayton zuwa Columbus, a bayan gajerun FDU

Tsakanin Dayton da Columbus, a jihar Ohio ta Amurka, tafiyar kusan kilomita 115 ce, awa ɗaya da 'yan mintoci a mota. Na kama hanyar ranar Alhamis 16 ga Maris 2023, washegarin daren da ƙungiyar ƙwallon kwando ta jami'ar Fairleigh Dickinson, wadda ake taƙaita sunanta da FDU, ta lallasa Texas Southern da ci 84 da 61 a Dayton, ta samu damar karawa da Purdue a Columbus. Ana fita Dayton ta arewa, a hau babban titin I-70 a miƙe gabas, a wuce Springfield. Hagu da dama gonakin masara da waken suya ne a shimfiɗe, ba a riga an yi shuka ba, sanyin hunturu kuma bai gama sakin ƙasa ba.

Gasar jami'o'i ta NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, a wancan lokaci ƙungiya 68 ce ke shiga, sili ɗaya ƙwale. A Dayton ake fara tankaɗe da wasanni huɗu, a rage su zuwa 64, a kasa su rukuni huɗu, kowane rukuni a jera shi daga lamba 1 zuwa 16 bisa ƙarfi. Lamba 16 ita ke karo da lamba 1, kuma FDU ce lamba 16 a rukuninta, Purdue lamba 1. Tun 1985 da aka kai gasar ƙungiya 64 har zuwa wasan FDU da Purdue, an yi irin wannan karo sau 151, sau ɗaya tak ƙaramar ta yi nasara: jami'ar UMBC a kan Virginia, 74 da 54, a 2018.

Ita kuwa FDU, daga Teaneck ta jihar New Jersey, ko kofin gasar yankinta ta NEC, wanda ke ba da gurbin shiga gasar NCAA, ba ta ɗauka ba. Merrimack ce ta doke ta a wasan ƙarshe, sai dai ba ta cika shekarun da doka ta gindaya wa sabon shiga babban ajin wasannin jami'o'i ba, gurbin ya faɗo hannun FDU. Kakar da ta gabata wasa 4 ta ci, aka doke ta 22. Kuma a duk babban ajin babu ƙungiyar da ta kai ta gajarta. Abokiyar karawarta Purdue, zakarar gasar manyan jami'o'i ta Big Ten, tana da Zach Edey mai tsawon ƙafa 7 da inci 4. Mafi tsawo cikin 'yan biyar ɗin farko na FDU ƙafa 6 ne da inci 6, mai rarraba musu ƙwallo Demetre Roberts kuma ƙafa 5 da inci 8. Masu hasashe sun ba Purdue rinjayen maki 23 da rabi.

Duk da haka, wanda ya kalli wasan Dayton da idon basira ya ga ƙofa. Kocinsu Tobin Anderson ma ya faɗa wa yaransa a ɗakin sauya kaya, kyamara na ɗauka, cewa yadda yake ƙara kallon Purdue haka yake ƙara ganin za su iya doke ta. Mutane da yawa sun ɗauka cika baki ne. Ni lissafi na gani a ciki, shi na yi ta juyawa a hanya.

Wasan jami'a minti 40 ne, rabi biyu na minti 20. Kowace ƙungiya tana da daƙiƙa 30 ta yi jifa, da daƙiƙa 10 ta ƙetare tsakiyar fili. FDU tana matsa lamba tun daga ƙarƙashin kwandon abokan karawa, mutum biyu su rufe mai ƙwallo a gefen layi. Ba sai an ƙwace kullum ba. Idan aka cinye masa daƙiƙa 8 kafin ya ƙetare, abin da ya rage na tsara hari da neman dogo ya ragu sosai. Masu ɗauko wa Purdue ƙwallo kuwa, Braden Smith da Fletcher Loyer, duka 'yan shekarar farko ne. Nan raunin yake.

Sai maganar Edey. Ba a hana irinsa cin maki, ana dai hana ƙwallo isa gare shi ne: mutum ɗaya a gabansa, ɗaya a bayansa, wani lokaci har na uku. Kuɗin wannan dabara shi ne a bar wani ɗan Purdue a sake a bayan layin maki uku, mai nisan mita 6.75. In ya zura uku a jere, shirin ya rushe, dole a saki dogon. Akwai kuma laifi: biyar ke fitar da ɗan wasa, na bakwai a kan ƙungiya a rabi ɗaya ya fara bai wa abokan karawa jifan kyauta, gajere mai kokawa da dogo kuwa laifi ba ya masa wuya. Ga gajiya, domin matsin fili gaba ɗaya yana cin ƙafa, kuma kwana biyu kacal ke tsakanin wasanninsu.

Filin Nationwide Arena yana tsakiyar Columbus, asalinsa na ƙwallon gora a kan ƙanƙara ne, ake shimfiɗa katako a kai. Tikiti ɗaya na wasa biyu ne a jere, wannan kuma yana da tasiri fiye da yadda ake zato. A zaman yammacin Juma'a 17 ga wata, bayan Purdue da FDU sai Memphis da Florida Atlantic, don haka dubban 'yan kallo ba su da nasu a wasan farko. Irinsu da zarar sun ga ƙarami ya yi tsayin daka sai su koma bayansa. FDU ba ta zo da makaɗa ba, 'yan badujalar jami'ar Dayton ne suka biyo ta suna busa mata.

An tafi hutun rabin lokaci FDU na gaba da maki ɗaya, 32 da 31. Daga kujerun sama ana ganin abin da talabijin ba ya nunawa sosai: Edey ya ɗaga hannu yana neman ƙwallo, mutum biyu manne da shi, ɗan'uwansa a kusurwa shi kaɗai ya karɓa, ya dubi kwando, ya yi jinkiri, ya mayar. Wannan jinkirin ne ya kashe Purdue. Tana da tarihin shan kaye a hannun ƙananan ƙungiyoyi a ka, North Texas ta fitar da ita a 2021, Saint Peter's a 2022, kuma hannun da tsoro ya kama ba ya jifa daidai. Ta gwada na maki uku sau 26, 5 suka shiga. Ta zubar da ƙwallo sau 16. Edey ya ci maki 21 ya tsinto ƙwallo 15, amma a mintocin ƙarshe da aka fi bukatarsa ba a iya kai masa ba.

Saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi, Sean Moore, wanda ya tashi a yankin Columbus ɗin, ya zura na maki uku daga saman da'ira, aka koma 61 da 56. Shi ya fi kowa ci a FDU da maki 19. Filin ya ɗauka da F-D-U, F-D-U, har ba a jin usur. Aka tashi FDU 63, Purdue 58.

Na tsaya har Lahadi don wasansu da Florida Atlantic. Wannan ƙungiya ba a kan dogo ɗaya ta jingina ba, tana da masu riƙe ƙwallo da yawa, masu sauri, waɗanda in aka rufe ɗaya da mutum biyu sai ya miƙa wa na gaba su kwasa a guje. Matsin da ya rikita Purdue bai kama su haka ba. Johnell Davis shi kaɗai ya ci maki 29, FDU ta fita da ci 78 da 70, Florida Atlantic kuma ta zarce har cikin huɗun ƙarshe a Houston.