Saƙon godiya bayan tara abinci na bikin Waliyyi Vincent de Paul

A madadin hukumar makaranta da kwamitin da aka ɗora wa wannan aiki, ina miƙa godiya ga iyaye da malamai da ɗalibai da dukan 'yan ikilisiya da suka kawo abinci domin bikin Waliyyi Vincent de Paul, waliyyin da makarantarmu ke ƙarƙashin kiwonsa, wanda Ikilisiyar Katolika ke tunawa da shi kowace ranar 27 ga Satumba, ranar da ya rasu a birnin Paris a shekarar 1660.

Mun san halin da ake ciki a gidaje, ga kuɗin makaranta na zangon farko, ga tsadar kasuwa, ga shi amfanin gona bai gama shigowa ba. Duk da haka masara da dawa da wake da shinkafa da doya da garin rogo da manja sun yi ta shigowa, wani da buhu, wani da mudu. Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne ƙananan yaran firamare da suka riƙa zuwa da ɗan ƙullin gishiri ko kwano guda na gero, suna tsayawa sai sun ga an zuba nasu cikin buhu. Iyayen ɗalibanmu Musulmi ma ba su tsaya tambayar ko bikin wane ne ba, sun aiko da nasu, kuma muna gode musu ƙwarai.

Wasu sun tambayi dalilin da ya hana mu rabar da komai ranar bikin. Darasin daga shi Waliyyin muka ɗauko. A shekarar 1617, yana limamin cocin Chatillon a Faransa, aka sanar da shi wani gida da ciwo ya kwantar da kowa a cikinsa. Ya yi wa jama'a magana a lokacin Misa, wato babbar ibadar Katolika a coci, suka ɗunguma da abinci a yini ɗaya, sai ya lura cewa wani daga cikin abincin zai lalace, bayan 'yan kwanaki kuma gidan ya koma cikin yunwa. Nan ya tara matan garin ya tsara musu kai taimako bi da bi. Irin wannan hidima ce ta sa Paparoma Leo na 13 ya ayyana shi waliyyin ƙungiyoyin jinƙai a 1885. Saboda haka muka fara fitar da doya da abin da ba ya jure ajiya, hatsi kuwa za a riƙa kai wa gwauraye da marayu da marasa lafiya kaɗan-kaɗan.

Muna godiya ga Fada da ya sa wa abincin albarka bayan Misa, da Sistoci da katikis, wato malamin koyar da addini a coci, da suka taimaka wajen gano gidajen mabukata ba tare da tona asirin kowa ba. Iyayenmu na zumuntar mata sun yi kwana biyu suna shanya sabuwar masara da ba ta gama bushewa ba, suna kwashewa duk lokacin da hadari ya haɗo. Allah ya saka musu da alheri, ya mayar wa kowa gurbin abin da ya bayar.

Wanda ya san gidan da ke cikin matsi kuma ba mu kai gare shi ba, muna roƙo ya sanar da ofishin makaranta a asirce kafin rabo na gaba.