Jirgin hannu da kik ɗin da bai mutu ba

Mu a ɗan garejinmu aikin injin jirgin ruwa muke yi, irin wanda ake ratayawa a bayan kwale-kwale, ni da yara uku. Yawancin jiragen da ake jawo mana na hannu ne, wanda ya saya bai san me tsohon mai shi ya ƙulla a ciki ba, zai zo ya ce maka inji ya tashi aiki, kai kuma kana ɗaga murfi sai ka ga waya kala-kala an murɗe ta da hannu an naɗe da salatif, wata ma ba ta zuwa ko'ina.

Kwanaki wani bawan Allah ya kawo mana nasa, Yamaha ne mai doki 40, in ya murɗa makulli wani lokaci shiru, wani lokaci ƙas ɗaya shikenan. Har ya sayo sabon kik, wato abin da ke juya inji ya tashi in an murɗa makulli, ya riƙo a leda wai mu ɗaura. Na ce maigida ajiye shi tukuna, bari mita ta yi magana. Batir ya nuna 12.6, kaga a cike yake kenan. Na sa yaro ya murɗa makulli ina auna wuta a jikin kik ɗin, sai na ga ta zube ƙasa warwas alhali a kan batir tana nan daram, toh a hanya take ɓacewa. Wayar negetif ce, wadda ake ɗaurewa a jikin inji. Daga waje lafiya lau take, amma da na fere robar sai ga tagullar ta koma kore tana marmashewa, kusan taƙi guda zuwa ciki. Ruwa ne ke bi ta ƙarƙashin robar yana cin ta a hankali, in na gishiri ne ma abin ya fi muni, shi yasa ni ba na sa wayar mota a jirgi, sai wadda aka shafa wa kuza, kuma duk inda na haɗa sai na rufe da robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi.

Da muka canza wayar ƙas ɗin ya tafi, saura shirun. Akwai wani ɗan suwic a cikin akwatin totur da ke hana inji yin kik sai giya tana firi. Ka riƙe makulli ka ɗan jijjiga hannun giyar, in inji ya amsa to shi ne. Wasu haɗe wayoyin biyu kawai suke yi a wuce wajen, ni wallahi ba na yi, injin da zai tashi cikin giya yana iya watsa mutum ruwa farfela na juyawa.

In kuma yana kik amma filogi ba wuta, fara duba suwic ɗin igiyar da direba ke ɗaurawa a hannu, wanda ke kashe inji in igiyar ta fizge. A Yamaha wayar kashewa fara ce, a Mercury baƙa mai ratsin rawaya, sai dai a jirgin hannu kar ka yarda da kala, bi wayar da yatsa har ƙarshenta.

Totur ɗinsa kuma tauri kamar me. Kebul biyu ne ke fita daga akwatin, ɗaya na totur ɗaya na giya. Muka cire su daga ɓangaren inji, muka taɓa hannun kafireto da yatsa yana tafiya sumul, amma hannun akwatin yana nan da taurinsa, kaga kebul ne. Ashe tsohon mai shi gajere ya sa, ya lanƙwasa shi da ƙarfi a kusurwar baya har rigar ta tsage tsatsa ta shiga. Irin wannan ba ya gyaruwa, ko ka ɗura masa mai kwana biyu ne ya koma, sai sabo daidai tsawonsa. Wajen saiti ne ake ɗan ɓata lokaci, don in kebul ya ja totur ko kaɗan sulo zai hau, kana sa giya ka ji gam kamar an buga guduma.

Muka gwada shi a cikin durom cike da ruwa, don in ka tayar da shi a bushe robar famfon ruwan ƙonewa take nan take. Murɗa ɗaya ya tashi, ruwan sanyaya inji na tsartuwa ta gefe. Mutumin ya kalli ledar da ke hannunsa ya ce ko za su karɓa in ya mayar.