Umrar hutun Disamba: ruwan Makka da haramin da aka kulle a motar kaya

Duk wanda ya ce maka Saudiyya zafi ce kawai, a watan Yuni ya je. Mu da muka ɗauki Baba zuwa Umra a hutun ƙarshen shekara, lokacin da yara ba sa makaranta, mun ga wata Saudiyyar daban, kuma har yau in na tuna jagoran ayarinmu sai raina ya ɓaci.

Tun muna Madina hukumar hasashen yanayi ta ƙasar ta fitar da gargaɗi cewa za a yi ruwa da iska a yankin Makka da Jidda, sanyi kuma zai ƙaru. Gargaɗinsu launi-launi ne, rawaya, ruwan lemo, sai ja, kuma namu ya wuce rawaya. Madina dama da asuba a wannan lokaci takan sauko kusan digiri 12, Baba yana zuwa masallaci da rigar sanyi a ƙarƙashin jallabiya. Na kai wa jagoran wayata na ce, "Alhaji, ka ga abin da suke cewa." Ko karɓa bai yi ba. Ya ce ruwan Makka yayyafi ne, kafin ka buɗe laima ya ɗauke. Sannan ya ba da umarni a zuba manyan jakunkuna duka a motar kaya, ta yi gaba, mu bi bas da ƴar jakar hannu kawai. A cikin jakunkunan nan haramin Baba na biyu yake, da bargonsa, da laimarmu.

A Zulhulaifa, miƙatin da ke bayan garin Madina, muka yi wanka muka ɗaura harami. Nan na fara ganin abin da ke tafe, domin dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya, daga shi sai ƙyalle biyu, ba hula, ba safa, ga na'urar sanyaya bas direba ya ƙure ta. Tafiyar ta haura kilomita 400. Muna shiga Makka sama ta ɓalle.

Mu ƴan Arewa sanyin da muka sani busasshe ne, na hunturu mai fasa leɓe da diddige. Sanyi da jiƙa a lokaci guda, a jikin da ba riga, wannan wani abu ne daban. Haramin tawul in ya sha ruwa nauyi yake yi, ya manne a bayanka, kuma ba ya bushewa. Farar marmarar filin dawafi, wadda aka shimfiɗa don kada ta ƙona ƙafa da rana, ta koma santsi kamar an zuba miyar kuɓewa. Ma'aikata suna ta kore ruwan da manyan robobi, jama'a kuma suna turereniya wajen Hijir Isma'il don ruwan da ke zubowa daga indararon zinariya na Ka'aba ya taɓa su. Ba zan ɓoye ba, dawafi cikin ruwan sama akwai daɗi, mutane kuka suke yi suna addu'a. Amma hannun Baba da na riƙe karkarwa yake yi. Na ce, "Baba, mu hau sama inda akwai rufi." Ya ce shi a ƙasa zai ƙarasa. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa a rufe yake, sai dai akwai sanyin na'ura, ga zuwa da dawowa da suka kai kilomita uku, duk a cikin jiƙaƙƙen harami.

Malamin ayari ya ce ai ba laifi mai harami ya canza ƙyallensa, ko ya yafa bargo muddin bai rufe kai ba, ko ya riƙe laima. To, ina haramin? Ina bargon? Motar kaya ta maƙale a hanya saboda ruwa, sai washegari ta iso. Kafin nan zazzaɓi da tari sun kwantar da Baba. Kuɗin tsaraba ya tafi a magani, yawancin sallolin da ya ci burin yi a Harami a ɗakin otal ya yi su, yana jin kiran salla ta taga. Jagoran nan da ya zo dubiya cewa ya yi, "Ai lada ne." Na haɗiye abin da ke bakina saboda wurin da muke.

Abin haushin shi ne ba sabon abu ba ne, mai kai mutane Umra duk shekara ya kamata ya sani. Makka a cikin kwari take, duwatsu sun kewaye ta, ƙasar ba ta shan ruwa, kuma ɗan ruwan da suke samu a shekara yawanci tsakanin Nuwamba da Janairu yake sauka. Ambaliyar Jidda ta Nuwamban 2009 ta kashe fiye da mutum 100, ana tsakiyar aikin Hajji. A Nuwamban 2022 milimita 179 ta sauka a Jidda cikin ƴan sa'o'i, har aka rufe babbar hanyar Makka.

In za ka je a Disamba ko Janairu, musamman da tsoho, harami na biyu da ƙaramin bargo da laima su zauna a jakar da ke kan cinyarka, ko da jagora zai yi fushi. In aljihu zai ɗauka, ku hau jirgin ƙasa na Haramain, wanda ke cinye tafiyar Madina zuwa Makka cikin kusan sa'a biyu da rabi. In kuwa gargaɗin ya kai ja, ku zauna a otal da haraminku har ruwa ya tsagaita. Umra ba ta da ƙayyadadden lokaci irin na Arfa. Baba sai da muka dawo Kano da makonni tarin ya sake shi, kuma ya riga ya ce bana da wani kamfanin za mu tafi.