Godiya ga masu littafi da duk wanda ya tsaya mana a sansani

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Jiya muka kwance tantinmu bayan mako bakwai a sansani, muka koma filin da aka ware wa waɗanda ambaliya ta cinye wa gidaje. Mu shida muka shiga, mu shida muka fito. Alhamdulillahi. Tun daren da ruwa ya tashe mu nake ɗauke da bashin godiya, sai yau na samu natsuwar da zan sauke abin da ya samu.

Masu kwale-kwalen da suka kwashe mu cikin duhu, da waɗanda suka aiko da tufafi da barguna da tabarmi, da 'yan uwan da suka yi ta kira har wayata ta mutu, Allah ya saka muku da mafificin alheri. Yawancinku ban san sunayenku ba, amma Allah ya san ku. Sai dai akwai wasu bayin Allah da nake so in daɗe a kansu, domin na zalunce su a zuciyata kafin in san darajarsu.

Masu littafi muke ce musu. Kowace safiya sai sun bi tanti tanti suna tambaya: mutum nawa suka kwana a nan, wa ya zo, wa ya tafi, yara 'yan ƙasa da shekara biyar nawa ne, akwai mai ciki, akwai mai gudawa ko zazzaɓi ko ƙuraje ko tari? Tambayar jiya ita ce ta yau. Ga mutumin da ya wayi gari ba gida ba sutura, wannan abu yana da ciwo. Wata safiya na kasa daurewa, na ce wa yarinyar da ke bin layinmu, "'Yata, wannan rubutu naku ba ya rufe mana jiki, ba ya kashe mana ƙishirwa." Ba ta ɓata rai ba. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. In ban san ku nawa ne ba, ruwa nawa zan je in nemo muku?" Ta zauna ta yi mini bayani cewa ƙa'idar masu aikin agaji a duniya ita ce kowane mutum ya samu aƙalla lita 15 a rana, masai ɗaya kada ya wuce wa mutum 20, kuma a nisanta ramin masai da rijiya da aƙalla mita 30. Na lissafa gidana, lita 90 ke nan kullum. Na yi shiru, amma zuciyata ba ta sauko ba tukuna.

A mako na uku motar ruwa ta yi kwana uku ba ta zo ba. Ba zan kama sunan kowa ba, amma wanda alhakin ke wuyansa ya sani cewa kwana ukun nan sun yi mana tsada. Mutane suka koma wata tsohuwar rijiya a gefen sansani wadda ruwan ambaliya ya riga ya shiga. Mu ma mun ɗiba.

Tsakar dare autana, ɗan shekara huɗu, ya fara amai da gudawa. Mahaifiyarsa ta roƙe ni kada in faɗa wa kowa, domin ana ta raɗe-raɗin cewa duk wanda aka kai tantin can na ƙarshe ba ya dawowa. Na biye mata, kuma har gobe ina neman gafarar Allah a kan wannan. Da safe yarinyar ta yi sallama. Ko littafin ba ta buɗe ba, idonta ya sauka a kan yaron. Idanunsa sun faɗa, leɓensa ya bushe. Ta durƙusa ta ɗan tsunkuli fatar cikinsa ta saki, fatar ta tsaya a tattare, ta ƙi komawa. Ta ce, "Baba, tun yaushe? Kashin fari ne kamar ruwan da aka wanke shinkafa?" Na ce haka ne. Nan take ta yage ƙullin gishiri da sukari ta zuba a ruwa mai tsabta lita ɗaya, ta miƙa wa uwar cokali ta ce ta riƙa ɗiga masa a baki ko da yana amayarwa, ita kuma ta saɓa shi a kafaɗa muka bi ta.

Tantin da muke tsoro ashe shi ne wurin ceto. A bakin ƙofa aka fesa mana ruwan kulorin a ƙafa, muka wanke hannu. Gadajen duk da huda a tsakiya da bokiti a ƙasa. Wani nas ya daɗe yana laluben jijiya a hannun yaron kafin ya samu ya sa masa ƙarin ruwa, gumi na zuba daga goshinsa. Can da yamma yaron ya yi fitsari, sai na ga nas ɗin ya ɗaga hannu sama ya ce, "Alhamdulillahi, Baba, ƙoda ta tashi." A nan na ji cewa kwalara tana iya kashe mutum cikin sa'o'i saboda ruwan jikinsa da ke tsiyayewa, amma in an kai shi da wuri, waɗanda ake rasawa ba su kai ɗaya cikin 100 ba. Kwana uku muka yi, aka sallame mu da ƙwayar zinc da zai riƙa sha kullum. Malam nas, ɗana, kai da abokan aikinka da kuke kwana a tsaye, Allah ya yi muku albarka, ya raya muku zuri'a.

Sai daga baya na ga amfanin littafin da idona. A ranar da aka kwantar da ɗana suka baje taswirar sansanin da suka zana da hannu, duk tantin da aka samu mai gudawa suka ɗiga masa jan biro. Ɗigon ya taru a layukan da ke ɗiban ruwa a rijiyar nan. Kafin dare an rufe ta, an ajiye samari a wurin ɗiban ruwa suna zuba kulorin a kowane bokiti, suna ce wa mata a jira minti 30 kafin a sha. Likitan da ke kula da aikin ya gaya mini cewa dabarar tsohuwa ce: a 1854 wani likita mai suna John Snow ya bi gidajen da kwalara ta yi kisa a Landan, ya gano yawancinsu famfo ɗaya suke sha, aka cire hannun famfon. Ya kuma tuna mini ƙasar Haiti, inda aka yi girgizar ƙasa a Janairun 2010, kwalara ta ɓulla a Oktoba, ta ci kusan mutum 10,000. Mu da farko gawarwaki da mushen dabbobi muke tsoro, sai ya ce gawar wanda ruwa ya ci ba ita ke tayar da annoba ba, cunkoso ne da gurɓataccen ruwa da ƙarancin masai.

Da wannan littafin dai suka san yawan yaran da za a yi wa rigakafin ƙyanda, tun daga 'yan wata shida, aka haɗa musu da bitamin A. Da shi aka bi yara da tef ɗin awon damtse mai kore da rawaya da ja, wanda ya faɗa ja aka ware shi don maganin tamowa. Gidan sauro ma ya zo kafin zazzaɓi ya yi ƙarfi, domin sun san in ruwa ya kwanta, sauro na tafe bayan 'yan makonni. Masu wanke masai da kwashe shara, waɗanda ba wanda ke ɗaukar hotonsu, ku ma na gode, na gode.

Ba kowa ne ya fito ba. Dattijon da ke maƙwabtaka da mu ya ɓoye ciwonsa kwana biyu don kunya, aka kai shi a makare. Allah ya jiƙansa, ya sa shahada ce, ya ba iyalansa haƙuri.

Ina da roƙo ga hukuma da ƙungiyoyin agaji. Sabon wurin da muka koma masai bai gama ginuwa ba, kuma da yawa daga cikinmu sun watsu gidajen dangi, ba su cikin littafin kowa. Don Allah kada a daina bibiyarmu don an naɗe tanti. Ni dai na ba da sunana cikin 'yan sa-kai, yarinyar nan da kanta ta koya mini yadda ake cika shafin, ta ba ni layinmu. Gobe da safe za ku ji sallamata a ƙofa. Wanda ke da mai gudawa ko zazzaɓi ko ƙuraje a ɗakinsa, don girman Allah ya gaya mini tun da wuri.