Wanda zai ci daban, wanda nake so daban

Aikin gabatar da shirin finafinai a wani gidan rediyo a nan Sakkwato ya nuna mini cewa duk lokacin da bikin ba da kyaututtuka ya matso, tambayoyi biyu ne masu sauraro ke yi, amma suna furta su kamar guda. Mai kira daga Mabera ko Gawon Nama zai ce, "Malam, faɗa muna gaskiya, wa zai ci?" Sau da yawa abin da ke ransa shi ne in ambaci gwaninsa. To, wanda zai ci da wanda ya fi taɓa zuciya ba lallai su zama mutum ɗaya ba, kuma na fi jin daɗin aikin tun da na riƙa amsa kowace tambaya a muhallinta.

In hasashe za ka yi, ka fara sanin masu zaɓe kafin ka yi maganar fim. Ɗauki Oscar na Amurka, wanda aka fara bayarwa a 1929. Masu jefa ƙuri'a kusan mutum dubu goma ne, yawancinsu 'yan sana'ar. Kafin daren bikin, ƙungiyar furodusoshi da ta daraktoci da ta 'yan wasa duk sun raba nasu kyaututtukan, haka ma BAFTA, cibiyar da ke ba da kyaututtukan finafinai a Ingila, kuma da dama daga cikin mutanen nan su ne za su sake zaɓe a Oscar. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Lokacin da ƙungiyar 'yan wasa ta ba jaruman Parasite na Koriya ta Kudu babbar kyautarta a Janairun 2020, mai lura ya ga alama, kuma a watan Fabrairu ya zama fim na farko da ba na Turanci ba da ya ci kyautar fim mafi kyau. Akwai kuma yadda ake ƙidayar: tun daga finafinan 2009, a rukunin fim mafi kyau, mai zaɓe jera su yake yi daga na ɗaya zuwa ƙasa, don haka fim ɗin da kowa ya sa a na biyu yana iya doke wanda wasu ke mutuwar so wasu kuma ba sa son gani.

A gida ma haka ne. AMAA, kyautar finafinan Afirka wadda marigayiya Peace Anyiam-Osigwe ta kafa a 2005, alƙalai ke yanke hukunci. AMVCA, wata kyautar finafinan da aka fara a Legas a 2013, tana da rukunan da masu kallo ke zaɓa, kuma a irin waɗannan yawan masoya da ƙwazonsu a waya shi ke aiki. Sai kuma ƙa'idar gasa, ita ma mai hasashe ya san ta: a 2019 an cire fim ɗin Najeriya Lionheart na Genevieve Nnaji daga rukunin finafinan ƙasashen waje na Oscar saboda yawancin maganganun cikinsa da Turanci ne.

Inda abin ya fi yi mini nauyi shi ne The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, fim ɗin Hausa da aka ɗauka a Taraba, labarin 'yan'uwa mata biyu masu tallar nono da 'yan bindiga suka auka wa ƙauyensu. Ya ci fim mafi kyau a AMAA ta 2020, Maryam Booth kuma ta ci kyautar jaruma mai tallafawa. Da Najeriya ta tura shi Oscar, na faɗa a shiri cewa da wuya ya shiga jerin goma sha biyar da ake fara tacewa, domin can sai an kashe kuɗi an tallata fim, an shirya wuraren nuna shi, an sa masu zaɓe sun zauna sun kalla. Wasu masu sauraro sun ji haushi, har aka ce ba ni da kishin Arewa. Maganar ta yi mini ciwo, domin ba ni da fim ɗin da ya kai shi a raina cikin na waccan shekarar. Duk wanda ke da dangi a Sabon Birni ko Isa ko Goronyo ya san cewa abin da ke cikinsa ba tatsuniya ba ne. Yadda Maryam Booth ta fito a matsayin wadda zaman daji ya canza wa hali, har 'yar'uwarta ta kasa gane zuciyarta, ya tsaya mini, don mun ga waɗanda suka dawo gida ba yadda suka tafi ba. Fim ɗin dai bai shiga jerin na Oscar ba. Mai Martaba, shi ma na Hausa, da aka tura a 2024, haka ta faru da shi.

Yanzu shirin kashi biyu nake raba shi. A farko in kawo hasashe da dalilansa, bayan talla kuma in faɗi nawa gwanayen, in buɗe layi kowa ya faɗi nasa, kuma a nan ne hira ta fi armashi, musamman daga mata da ke bibiyar shirye-shirye masu dogon zango. Bikin da bai bayyana alƙalansa ko ma'aunin da ya bi ba kuwa, na gida ne ko na waje, ba na yi masa hasashe. Sai dai mu je kai tsaye ga kashi na biyu.